Zangon Sai Na Dawo

A tsohuwar hanyar fatake, wadda ta tashi daga Rafin Kanya ta ratsa karkara har Tungar Marke, akwai wani zango da matafiyi kan shiga da hantsi ya yi ta tafiya shekara da shekaru bai fita ba. Babu ganuwa a wurin, babu mai gadi. Gonaki ne da fadamu, da bishiyar gawo guda ɗaya, da wata tsohuwa zaune kusa da randar ruwa. Cikin waɗanda suka faɗa wannan zango har da Tunau mai gyaran agogo.

Shekara talatin da ɗaya Tunau ya yi a birni, kansa sunkuye a kan cikin agogunan mutane, har ya lura ba ya ganin wanda ya tsaya a gefensa sai ya juya kai gaba ɗaya. Likita ya haska idon, bai ɓoye masa ba: ganinsa yana tsukewa ne daga gefe kamar bakin jakar da ake jan zarenta, in ya ƙara wata shida yana gani ya gode wa Allah. Tunau ya koma gida ya tambayi kansa me yake so ya gani kafin a rufe, sai ya tarar abu ɗaya ne tak, fuskar yayarsa Yalwa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta raka shi bakin gari ranar da zai tafi birni, tun daga ranar kuwa bai sake taka Tungar Marke ba. Da farko jira yake ya yi abin hannu. Daga baya kunya ce ta danne shi, kowace shekara ta fi ta baya nauyi.

'Ya'yansa suka ce a ɗaukar masa mota zuwa inda kwalta ta ƙare, daga nan a sa shi a babur. Tunau, da yake Allah ya yi shi da taurin kai irin na masu aikin hannu, ya ce da ƙafa ya fito, da ƙafa zai koma, yana so idonsa ya ƙoshi da ƙasar nan kafin ya yi bankwana da ita. Zango shida ne tafiyar. Ya ci biyar lafiya lau, in ban da kantar da ta fito masa a diddige. Ran na shida ya yi sallar asuba a Rafin Kanya, mai masaukinsa ya ce masa hanya miƙaƙƙiya ce, kafin azahar zai ji ƙarar taɓaren matan Tungar Marke.

Damina ta yi nisa a lokacin. Gero ya fara fitar da kai, ciyawa ta kai gwiwa, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando. Hanyar ɗan siririn turba ce tsakanin gonaki, ta gangara fadama ta hau tudu, ta wuce wasu duwatsu uku da ke jingine da juna. Bai gamu da kowa ba. Kurciya ce kawai ke kuka can nesa, sai kwaɗi in ya kusanci ruwa. Ya riƙa tsayawa yana kallon abin da a da ba zai ko waiwaya ba, furen kabewa a kan shinge, jan ƙwaro a kan ganye, yana tara su a ransa kamar mai haɗa guzuri.

Da hantsi ya dubi ludayi sai ya hango wani gawo babba, kore shar, inuwarsa ta rufe hanya. Duk ɗan ƙauye ya san gawo tsirara yake kwana da damina, sai rani ya shigo yake yin ganye. Yaron da ke kiwon awaki ma da ya gan shi da ya canja hanya. Amma Tunau ya daɗe a birni, abin da ya gani kawai inuwa ce mai daɗi. A gindin bishiyar ga wata tsohuwa 'yar ƙarama, fara fat da furfura, zaune a kan buzu, ga randa a gabanta da moɗa a kife a kan murfi.

Ya yi sallama, ta amsa cikakkiya. Ta tambaye shi gajiya, ta tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, sannan ta ɗebo ruwa ta miƙa masa da hannu biyu. Bai taɓa shan ruwa mai sanyin wannan ba. Ya huta, ya saɓa jakarsa, ya yi mata godiya, ya rufe da abin da bakin kowane Bahaushe ke rufewa da shi ba tare da ya yi shawara da zuciya ba.

"To Iya, sai na dawo."

Tsohuwa ta dube shi, fuskarta ta washe. Ta ce, "Na ji, ya kai ɗan Adam, na kuma riƙe."

Ya yi dariya a ransa, ya ce tsofaffin ƙauye da iya magana. Ya kama hanya. Ya gangara wata fadama, ya hau tudu, ya wuce wasu duwatsu uku da ke jingine da juna, har ya ce ashe duwatsun ƙasar nan duk kamarsu ɗaya. Ya yi tafiyar da ta isa ta kai shi gida har sau biyu. Da ya ɗaga kai, sai ga gawo kore shar, ga tsohuwa, ga moɗa cike da ruwa a hannunta tana jiransa.

Ta yi masa barka da dawowa, ta ce ta san shi mai cika alkawari ne. Tunau ya duba agogonsa, wanda shekara ashirin bai taɓa yin lattin minti ɗaya ba, ya ga ya tsaya cak a kan ƙarfe goma. Ya dubi rana, tana nan inda ya bar ta. Ya dubi gonar da ke gefen hanya, sai ya ga geron da ya bari yana fitar da kai ya nuna, zangarniya ta sunkuya, tsuntsaye na ta wasoso a kai. Ya ce wa kansa ɓatan kai ne, idon nan ne ke yi masa wasa. Ya miƙe a gaggauce, ko ruwan bai karɓa ba, bakinsa kuma ya riga shi.

"Sai an jima, Iya."

Ta ce ta ji, ta riƙe. Wannan karon ko taku ɗari bai yi ba. Ya kewaya wani suri ke nan sai ya ci karo da randar, har ya kusa tuntuɓe da ita. Gonar kuwa an yanke geron, ga dammuna a jere, ba a ga wanda ya yanka ba. Ganinsa ma ya ƙara tsukewa, yanzu in ya dubi tsohuwa ba ya ganin randar sai ya karkata.

Nan ya gane ba da mutum yake tare ba. Ya zauna ya karanta duk abin da ya haddace tun yana makarantar allo. Tsohuwa ta ɗaga hannu tana taya shi da amin, har ta gyara masa wuri ɗaya da ya yi tuntuɓen harshe. Da ya gama, ya tambaye ta laifin me ya yi mata.

Ta ce, "Babu laifi tsakanina da kai. Ni baiwar Allah ce daga cikin aljanu, aikina shayar da matafiya. Ban taɓa kama kowa ba, ban taɓa ɗaure kowa ba. Kai ka ce za ka dawo, ni kuwa ban iya ƙaryata baƙo ba."

Tunau ya shiga lissafin dabara, irin ta mai gyaran agogo da ya ga inda haƙorin ya karye. Tunda magana ce ke dawo da shi, to ba zai yi magana ba. Ya bari ta sunkuya tana gyara murfin randa, ya zame ya tafi ba sallama, abin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yi wa babba ba. Bai yi nisa ba sai ciyawar gefen hanya ta fara tashi tana zama sarƙaƙiya. Ta rufe gabansa, ta rufe dama, ta rufe hagu, ta haɗe a bisa kansa har ya koma rarrafe. Ƙaya ta yage masa riga, ta ƙwace hularsa. Kafa ɗaya ce kawai a buɗe, ya bi ta da gwiwa yana nishi, ta fito da shi a gaban buzun tsohuwa. Ta ce masa, ba da faɗa ba, wanda ya sha ruwan mutane ya tafi ba sallama hanya ba ta karɓarsa. A gonar babu komai sai busasshen kara.

Ya kwanta a ƙasa ya yi kuka, kukan babba mai ban tausayi, wanda ba ya fita da ƙara. Yana cikin haka sai ya ji ƙararrawar jaki. Wani dogon mutum ya ɓullo daga hanya, da rawani irin na mutanen da, da takobi a kafaɗa, yana kore da jakuna uku masu ɗauke da huhun goro. Ya gaida tsohuwa kamar ɗa da uwa, ya sha ruwa, sannan ya tsuguna kusa da Tunau. Ya ce sunansa Anaruwa, falke ne, ya biyo ta nan tun zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, ya ce wa tsohuwa sai wata rana, ga shi har yau ranar ba ta ƙare zuwa ba.

Shi ya buɗe wa Tunau ido a kan sauran. Ya ce kowace dawowa gindin gawon nan wata guda ce a duniyar mutane. Ya nuna masa wasu duwatsu masu kamar mutane a zaune, kewaye da bishiyar, ya ce waɗannan su ne suka ce sai gobe, suka zauna jiran gari ya waye a ƙasar da rana ba ta faɗuwa. Tunau ya ƙirga da yatsu: wata uku sun tafi. Ya shiga jero duk bankwanan da ya sani ko zai sami mai fita da shi, sai wani lokaci, sai mun haɗu, sai baɗi, sai ka ji ni, ya tarar kowanne da ƙugiyarsa. Anaruwa ya ce ya bar wahalar da kansa, shi ma ya jera su ya fi sau dubu. Mutum ɗaya ne ya san mafita, Sarkin Mararraba, wanda duk hanyoyin ƙasar ke ƙarƙashinsa. Zuwa wurinsa ba ya bukatar bankwana, don fadarsa cikin zangon take, amma dawowar za ta ci wata biyu.

Tunau ya tambaye shi, shi me ya hana shi zuwa. Falke ya kau da kai ya ce ya sha kama hanyar, bai dai taɓa kaiwa ba.

Suka bi bayan gawo, inda wata turba ta nutsa cikin ƙasa kamar kwazazzabo. Suka fara isa wani rafi da ruwansa ke gudu yana hawa tudu. Babu kwalekwale, sai wani kunkuru mai faɗin rumbu, ya ce zai haye da su in kowa ya faɗi abin da ya fi tsoro, wanda ya yi ƙarya kuwa zai juye shi a tsakiya. Anaruwa ya ce yana tsoron ya fita ya tarar ba wanda ya san sunansa. Tunau ya buɗe baki zai ce makanta, sai ya ji bayan kunkuru ya karkata, ruwa ya taɓa masa idon sawu. Ya yi maza ya ce yana tsoron yayarsa ta tambaye shi me ta yi masa. Kunkuru ya daidaita, ya sauke su a tsallake.

Daga nan suka shiga tsakanin wasu duwatsu biyu masu numfashi. In sun ja iska sai su buɗe, in sun sake ta sai su haɗe har ƙasa ta girgiza. Suka jira buɗewa suka ruga, jaki na ukun ya tsaya cin ciyawa, duwatsun suka haɗe da jelarsa, ya fito gundul yana harbin iska. Bayan duwatsun kuma wata gona ce da karan dawa ke raɗa, kowane kara na maimaita alkawarin da wani ya yi bai cika ba. Tunau ya toshe kunne, amma duk da haka ya ji muryarsa ta ƙuruciya a ciki, tana cewa, Yaya, sai na dawo lokacin kaka.

Suna fita gonar sai ga wani gari. Anaruwa ya tsaya ya gyara rawaninsa. Ya ce wannan shi ne Garin Masu Jira. Duk wanda aka taɓa ce masa sai na dawo ba a dawo ba, jiransa yana nan zaune da kamarsa. Ya gargaɗi Tunau ya bi tsakiyar titi, ya dubi ƙafarsa, don wanda ya kalli fuskar mai jiransa zai ƙoshi da ita ya zauna, ba zai ƙara neman ta gaskiyar ba.

Garin shiru. Kowace ƙofa a buɗe take, a kowane zaure ga akushi a rufe da faifai, ga tabarma a shimfiɗe ba a zauna ba. A bakin kowace ƙofa mutum ne zaune, tsofaffi, mata masu goyo, duk sun kare ido da tafin hannu suna duban hanya. Suka yi nisa a ciki. Sai Tunau ya ji ƙararrawar jakunan ta tsaya. Ya saci kallo ta gefe, ya ga falke ya durƙusa a gaban wata matashiya mai kitso irin na da, yana kallonta kamar mai shan ruwa. Ya kira shi sau uku. Anaruwa bai waiwayo ba, ya dai ce masa, "Wuce, ɗan'uwa. Nan nake tsayawa kullum. Ni tawa ta daɗe a ƙasa, wannan ce ta rage mini."

Tunau ya ci gaba shi kaɗai. Saura gida uku ya fita garin sai ya ji wata murya a damansa tana rera waƙar niƙa a hankali, waƙar da yake yin barci da ita a bayan Yalwa. Ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ga abin da ya baro birni dominsa, taku biyu tsakaninsu, ga ido na ƙarewa, ga babu tabbacin zai fita. Wata zuciyar ta ce masa ya duba kawai, rabin abu ya fi babu. Wuyansa har ya fara juyawa. Sai ya tuna wannan ba za ta san ya zo ba, ita ta can za ta ci gaba da zama a bakin ƙofa. Ya damƙe idanunsa da hannu biyu, ya yi ta tafiya yana tuntuɓe, waƙar na bin sa, har ta yi nisa ta ɓace.

Da ya buɗe ido sai ya gan shi a tsakiyar wani fili inda hanyoyi bakwai suka haɗu. A mahaɗar ga Sarkin Mararraba zaune a kan turmi, tsawonsa ya kai giginya, yana da fuska bakwai, kowace na duban hanya ɗaya. Tunau ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. Fuskar da ke dubansa ta buɗe baki, sauran shida suka amsa mata kamar amsa-kuwwa.

"Ya kai ɗan Adam, wa ya kawo ka inda ba a zuwa da jiki?"

"Ranka ya daɗe, bakina ne ya kawo ni. Na sha ruwa na yi godiya irin ta mutanenmu, aka riƙe ni da ita."

"Ba a riƙe ka da abin da ba ka bayar ba. A wurinmu magana igiya ce, mai faɗa yana riƙe da baki ɗaya, mai ji yana riƙe da ɗaya. Ku kuwa kuna jefa ta a wuyan mutane ku wuce, ku ce ladabi ne. Ka ga garin da ka ratso? Ku kuka gina shi."

Tunau ya ce ya gani, ya kuma ga gidan da shi ya gina a ciki. Ya roƙi sarki ya duba halinsa, ya gaya masa maganar ido da ta yayarsa, bai rage komai ba. Fuskoki bakwai suka yi shawara da juna cikin wani harshe mai kamar gurnanin hadari. Sannan ta gaban ta ce an ba shi tashi ɗaya tak daga gindin gawo. In kalmar da zai tashi da ita na da igiya, zai zama dutse cikin duwatsu.

"Ranka ya daɗe, wace kalma ce babu igiya a cikinta?"

"Wadda kuka fi jin kunyar faɗa wa wanda ya yi muku alheri. Ka kuma tuna a gidan wani kake. Tun yaushe baƙo ya fara sallamar kansa?"

Kafin ya sake tambaya, hanyar da ke ƙarƙashinsa ta naɗe kamar tabarma, ta warware shi a gindin gawo. Gonar ta zama fili fetal, shanu sun cinye karan. Ganinsa kuwa ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututun kara: in ya dubi idon tsohuwa, bakinta ya ɓace.

Ta miƙo masa ruwa, ya karɓa ya sha, don ya san ko ta wace hanya wannan ne na ƙarshe. Ya riga ya gane kalmar tun a gaban sarki, fitar da ita ce aiki. Tsohuwa ce, ta shayar da shi, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, tana dubansa da murnar wanda ya sami abokin hira. Duk tarbiyyar da aka yi masa ta taso ta tare masa hanya. Ya buɗe baki, sai ya ji "sai" ta taho da kanta, ya cije harshe har ya ji gishirin jini. Ya gyara zama, ya durƙusa sosai, ya sa ɗan ganin da ya rage masa a cikin idonta.

"Iya, na sha ruwanki, Allah ya saka miki da alheri. Ba zan dawo ba. Ko da na so, idon da zan gane hanya da shi ya ƙare, kuma gaskiya ko da ido ba zan dawo ba, akwai wadda ta riga ki. Ina roƙo ki sallame ni."

Ganyen gawo ya daina motsi. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, sai ga hawaye na ɗiga a kan buzu. Ta ce shekara ɗari huɗu tana zaune a nan, kowa sai ya yi mata alkawari don ya faranta mata, ba wanda ya taɓa ganin ta isa a gaya mata gaskiya, ba kuma wanda ya taɓa neman izininta. Ta ce ba ta san abin zai yi zafi haka ba. Ta jawo ƙafarsa, sai ya ga wasu zarurruka biyu sirara kamar saƙar gizo ɗaure a idon sawunsa. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta cire masa wata ƙaya da ta rage a diddige. Saura wani zare na uku, tsoho, ya yi baƙi, ya nutse cikin fata.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji ta. "Mai shi ba ta saki ba har yau. Bi shi, ya fi idonka sanin hanya. Na sallame ka, ɗan Adam. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya miƙe, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Agogon hannunsa ya ce ƙyas, ya ci gaba da tafiya. Inuwa ta fara matsawa. Zaren na jan ƙafarsa a hankali, yana bi, ya gangara fadama inda yanzu lambun albasa ne, ya hau tudu, bai sake ganin duwatsu uku ba. Rani ne sosai, ƙasa ta bushe tana ƙona tafin ƙafa. Hanyar da ya so ya ƙoshi da ita bai ga komai nata ba sai ɗan da'irar ƙasa da ke gaban yatsunsa. Ya faɗi sau biyu. La'asar sakaliya ya ji ƙarar taɓare.

Bai tambayi kowa gidan ba. A bakin ƙofa ga wata tsohuwa zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, fuskarta na duban hanya. Ya tsaya, duk maganar da ya shirya tun daga birni ta gudu, ya yi sallama kawai. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Tunau," in ji ta, kamar wanda ya fita ɗazu. "Matso, ba na tashi da sauri yanzu."

Ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga ɗan ganinsa ya nemo idonta, sai ya tarar sun yi fari fat. Ta ce shekara goma sha ɗaya ke nan, ciwon gidansu ne, haka ya yi wa kakarsu. Ta hana a aika masa, don ba ta so tausayi ya kawo shi. Ba ta tambaye shi me ta yi masa ba. Ta share hannunta a zane, ta laluba fuskarsa, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta ja gemun, ta ce ashe har da furfura, yaron da ta yi wa wanka. Ya so ya ba ta haƙuri, ta ce ya bari sai ya ci abinci.

Sannan ta yi ƙasa da murya, kamar mai jin kunyar abin da za ta roƙa.

"Kai da kake gani, gaya mini. Yaran gidan nan kullum sai su ce ina nan yadda nake, na san ƙarya suke yi. Yaya na koma?"

Tunau bai gaya mata nasa idon ba, wannan sai wani lokaci. Rana na gangarawa, abin da yake iya gani a lokaci ɗaya bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba, fuskar kuwa ga ta nan gaba ɗaya tana jiransa. Ya juya ta a hankali ta fuskanci haske, ya matso har yana jin numfashinta, ya fara daga goshi.